Kar-a-taɓa da Shafin Cigiya

A ofishin jaridar babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Kar-a-taɓa suke ce mata, tun daga mai gadi har edita, ita kuma tana amsawa ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfuta. A gida Auta ce, duk da cewa 'ya'yanta sun isa aike. Aikinta shi ne kula da shafin jaridar na intanet. Ita ke tashinsa in ya faɗi, ita ake yi wa ihu in ya yi nauyi, kuma babu mai tunawa da ita ranar da komai yake tafiya daidai. Ofishin yana kan bene, a saman wani shagon tayoyi, don haka duk wanda ya wuni a ciki sai ya koma gida da warin roba a riga. Gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta da hayaniya, ba ta da dogon bayani. Amma in ta ce a'a, gara ka nemi kujera ka zauna, don ba yau za ta sauya ba, ba kuma gobe ba.

Taurin kan nan gado ne, wurin mahaifinta ta ɗauko shi. Baba kafinta ne, ya yi wa rabin gari ƙofofi da tagogi, amma har ya koma ga Allah bai taɓa kwana a ɗakin da yake nasa ba. Daga wannan gidan haya sai wancan, kuma duk inda suka sauka dokar ɗaya ce: ba a buga ƙusa a bango. Akwai wani mai gidan haya da yakan shigo yana shafa bango da tafin hannu, kai ka ce likita ne yake neman ƙurji. Wani kafintan da sai ya buga ƙusarsa ya rufe da kalanda. Baba ba ya haka. Sai ya auna tsakanin bango da bango, ya yanko katako daidai wa daida, ya matse shi da 'yan guntaye masu tsini har ya tsaya cak, ya ɗauki tukwane da akwatin rediyo ko gezau. Ƙugiyoyi kuwa a ƙarafunan taga yake rataya su. Ranar da aka turo masu fenti, sai ya zare kantarsa ya jingine a tsakar gida, fenti ya bushe, ya mayar. Maƙwabtan da suka yi buge-buge su ne ake ɓamɓare wa kaya a watsar a waje.

"Bangon nasa ne," yakan ce wa Auta, yana karkaɗe garin katako daga rigarsa. "Kantar tawa ce. Ban taɓa nasa ba, shi ma bai isa ya taɓa tawa ba."

Su biyu Inna ta haifa, Yaya da Auta. Yaya ne aka so ya gaji sana'ar, amma tun yana ƙarami zarto ya cire masa kan ƙaramin yatsan hagu, daga nan ya tsani katako ya ƙallafa rai a kan manyan motoci. Baba ya yi fushi, ya yi zuciya, ya daina yi masa magana na wani lokaci. Ƙarshenta dai shi ya zauna ya sassaƙa masa wani ɗan katako mai siffar taya na maƙala mukulli, ya miƙa masa yana kallon wani gefe. Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya riƙe gidan da tuƙin babbar mota. Wata rana ya tafi da kaya kamar yadda ya saba, ya sauke lafiya, ya ba wani direba motar ya dawo da ita, ya ce shi zai ƙara gaba don an yi masa maganar aiki mai kyau. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ƙarar ma ta daina.

A lokacin Auta tana buga wa mutane takardu ne a wani shagon kwamfuta. Bayan sun gama zagayen asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da tashoshin mota, sai ta ɗauki hoton Yaya ta hau benen nan mai warin roba, ta ba da cigiya. Aka sa a shafin jaridar: fuskarsa, tsawonsa, maganar yatsan, da lambar wayarta a ƙasa. Inna, wadda take zaune tare da Auta, ba ta karatu, amma hoto ba ya buƙatar karatu. Kullum da safe, tun shayi bai sauka daga wuta ba, sai ta ce, "Auta, hoton yana nan?" Auta ta buɗe waya ta miƙa mata. Inna ta duba, ta shafa fuskar da babban yatsa, ta mayar. A wurinta muddin hoton yana inda mutane za su gani, to ana neman ɗanta, kuma wannan kaɗai ne abin da yake sa ta iya haɗiye abinci.

Bayan 'yan makonni, wata safiya Auta ta buɗe shafin ba ta ga komai ba. Ta ɗauka an samu labari ne ba a gaya musu ba. Ta ce wa Inna waya ce ba ta da caji, ta yafa mayafi ta fita. A ofishin aka nuna mata wani dogon mutum mai yawan murmushi, wanda yake kula da shafin a wancan zamanin. Yanzu-yanzu ake ce masa, don duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan.

"Ayya, 'yar'uwa, ba mu muka cire ba," in ji shi. "Na'ura ce."

Ya yi mata bayani. Shafin ba su suka gina shi daga tushe ba. Akwai wata manhaja da wasu suka rubuta, dubban shafuka a duniya suna zaune a kanta, kowa ya ɗauka ya zuba kayansa. A cikinta akwai sashen talla, kuma kowace talla tana da wa'adi, da ya cika sai manhajar ta share ta da kanta. Su kuma da suka rasa inda za su sa cigiya, sai suka cusa ta cikin tallace-tallace.

Auta ta cire tabarau ta dube shi. "To wa ya gaya wa na'urar cewa yayana firiji ne?"

Yanzu-yanzu ya yi dariya, ya ga ita ba dariya take yi ba, ya haɗiye tasa. Mutumin kirki ne, a faɗi gaskiya. Nan take ya buɗe fayilolin da manhajar ta zo da su, waɗanda suke kira uwar manhaja, ya lalubo layin da yake yin sharar ya goge shi. Hoton Yaya ya dawo. Auta ta yi godiya har da ƙwalla, ta koma gida ta ce wa Inna waya ta yi caji.

Abin bai daɗe ba. Masu manhajar lokaci-lokaci sukan aiko da sabon zubi, su toshe ɓaraka su ƙara gyare-gyare, kuma idan sabon ya shigo sai ya kwashe tsofaffin fayilolin gaba ɗaya ya shimfiɗa nasa. Layin da aka goge ya dawo daram, ya tashi da yunwa, ya share duk cigiyar da ta taru a lokaci guda. Auta ta sake hawa bene. Yanzu-yanzu ya sake gogewa. Aka sake sabuntawa, aka sake sharewa. Sai da ta kai ƙaryar caji ta ƙare, don Inna tsohuwa ce, ba yarinya ba. Ranar da ta kama Inna tana kuka a bayan ƙofa ba sauti, ran Auta ya ɓaci irin ɓacin da ba ya wucewa da barci.

Daga nan ta daina zuwa roƙo. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da Yanzu-yanzu tana kallon hannunsa, tana tambaya har ya gaji. Abin da bai sani ba ta nema a waya, ta karanta a mota, ta karanta tana jiran tukunya. Maigidanta, malamin makaranta ne mai haƙuri, ya ce ya auri mace ɗaya ya wayi gari da ita da kwamfuta. Tsohon editan jaridar kuwa da ya ga ta fi wasu ma'aikatansa zuwa aiki, sai ya ce tunda ta ƙi tafiya, a ba ta tebur.

Wata rana tana karanta bayanin da masu manhajar suka rubuta, sai ta tarar sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa kada kowa ya taɓa fayilolinsu. Amma ba su tsaya nan ba. Sun ce sun bar wurare a jikin manhajar kamar ƙugiyoyi. Kafin manhajar ta yi kowane aiki nata na asali, sai ta tsaya ta duba ko wani ya rataya nasa umarnin a wurin, in ta samu sai ta bar nata ta bi naka. Kai kuma ka rubuta naka a ɗan fayil daban, ka ajiye a wurin da aka ware, inda sabon zubi ba ya shiga. Auta ta karanta, ta sake karantawa, sai ta fashe da dariya ita kaɗai har mai share ofis ya leƙo. Ƙarafunan taga ne, ba wani abu ba. Ashe sana'ar da Yaya ya ƙi ita ce ta biyo ta har cikin kwamfuta.

Gwajin farko abin kunya ne. Ta rubuta umarnin da ya hana sharar gaba ɗaya, ta manta ba ta ware cigiya daga sauran ba. Kafin azahar duk tallar da aka taɓa yi tun kafa shafin ta farfaɗo: motocin da aka daɗe da sayarwa, gidajen da aka rushe, neman ma'aikata a kamfanin da ya mutu. Wani bawan Allah ya hawo benen yana haki, ya ce firijin da ya sayar tun matarsa tana da cikin fari, yau mutane sun hana shi sakat da kira, alhali yaron har ya fara tsaurin ido. Ofis ya kaure da dariya. Yanzu-yanzu ya miƙa hannu zai buɗe uwar manhaja ya gyara, sai ta buge hannun.

"Kar a taɓa!" ta ce. "Ɓarnar tawa ce, a fayil ɗina take, a can zan gyara."

Sunan ya bi ta daga ranar. Ta gyara kuwa. Talla ta ci gaba da mutuwa a kan wa'adinta, cigiya kuma ta daina. A madadin sharar, ta sa maɓalli ɗaya a ƙarƙashin kowace fuska, wanda ma'aikacin jarida ne kaɗai yake ganinsa, an rubuta a kai: An same shi. Mace kuma: An same ta. Babu abin da zai sauke hoto sai mutum ya sa yatsa ya danna, kuma in ya danna sai manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata. Sabon zubi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, hotuna suna nan.

Shekaru suka tafi a haka. An danna maɓallin sau da dama, kuma ranar da aka danna da labari mai daɗi har lemo akan sayo: yaron da aka tsinta a gidan gwaggonsa, tsohon da ya manta hanyar gida aka gan shi a tasha. Amma waɗanda ba a samu ba sun fi yawa, shafin ya yi ta tsawo. Yaya, da yake shi ne mafi daɗewa, yana can a sahun farko da rigarsa mai aljihu biyu, bai tsufa ba, Inna kuwa tana ta tsufa a gabansa.

Sai tsohon edita ya yi ritaya, masu jaridar suka kawo manaja. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai son abu ya faru da kansa ba tare da hannunsa ya taɓa ba, irinsu kuwa sun fi mugaye yawa, sun kuma fi su ɓarna. Yana da hujjarsa. Jaridar tana tangal-tangal, masu ba da talla suna ƙorafi, wai mutum ya buɗe shafi don ya ga sakamakon ƙwallo sai ya ci karo da idanu suna kallonsa. Ya kira ta ofishinsa, ya ba ta kujera, har ya tambayi lafiyar yara.

"Malama, an ce ke kika hana manhaja yin aikinta. Ina so ki mayar da abin yadda ya zo."

"Ba zan mayar ba, yallaɓai."

Bai saba jin a'a tsirara haka ba, babu ko ɗan mayafi. "Ba shawara nake nema ba fa. Kuma ai doka ce, ba a yi wa manhaja katsalandan."

"Ban taɓa ta ba. Ko waƙafi ɗaya ban sauya a cikinta ba, a kira duk wanda ake so ya duba." Ta jawo kwamfutarsa ta juyo da ita. "Ga fayil ɗina nan, ban ɓoye shi ba, sunansa ma cigiya. In ka danna nan ka goge shi, kafin ka sha ruwa duk sun tafi. In kuma ba ka son haka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka danna An same shi."

"Ai ba a same su ba. Ƙarya ke nan."

"Shi ya sa suke nan, yallaɓai."

"To ki goge fayil ɗin mana!"

"Hannuna ba zai yi ba. Ga naka nan, lafiyarsa ƙalau."

Manaja ya dubi allon. Ya ɗora yatsa, ya ɗauke. Ya gyara zaman agogonsa. Abin da yake so shi ne a wayi gari hotuna sun tafi, in wata uwa ta hawo bene tana tambaya a ce mata na'ura ce. Wannan amsar ce Kar-a-taɓa ta kashe, kuma ta san abin da ta kashe, don ita aka fara ba wa. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ta tashi, ta mayar masa da kwamfutarsa yadda ta same ta, ta fita. Tsoro ta ji, ba kaɗan ba, don aikin nan shi ne maganin Inna da rabin cefanen gida. Amma ko a fuska ba ta nuna ba.

Ya kira Yanzu-yanzu, wanda a lokacin ya koma sashen hotuna, ya ba shi umarni. "Yanzu-yanzu, yallaɓai," in ji shi. Mutumin da bai taɓa barin aiki ya kwana ba, sai ga shi yau kwamfutarsa ta ƙi tashi, gobe ya manta kalmar sirri, jibi haƙori yana ciwo. In suka haɗu da Kar-a-taɓa a matakala sai ya kawar da kai yana murmushi.

Da manaja ya ga haka sai ya huce a kan abin da ya iya. Ya sa aka sauke hanyar shiga shafin cigiya daga sama zuwa can ƙasa, inda sai mai nema zai gani. Ya sa aka ɗauke teburinta daga gefen taga aka kai ƙarshen baranda, kusa da ɗakin tsofaffin jaridu, inda ƙarar janareta take shigowa har cikin haƙora. Ta kwashi kayanta ta koma can. Washegari ta zo da katako a ƙarƙashin hammata, ta auna tsakanin bango da bango, ta matse shi da 'yan guntaye, ta jera littattafanta da kofin shayi. Mai gadi ya zo ya girgiza kantar da hannu biyu, ya koma yana jinjina kai.

Sauran fatan manaja ɗaya ne. Wani ya gaya masa cewa babban sabon zubi yana tafe, kuma irinsa ba ya barin gyaran kowa da rai. Ranar da ya iso, da kansa ya tako har ƙarshen baranda ya tsaya a bayanta, hannu a aljihu, wai yana duba aiki. Ta danna, suka zuba wa allon ido. Manhajar ta kwashe nata tsofaffin fayilolin ta shimfiɗa sababbi, launin shafi ya sauya, rubutu ya ƙara kyau. Ta gangara ƙasa ta buɗe cigiya. Suna nan reras, Yaya a gaba.

"Fenti ya yi kyau, yallaɓai," ta ce.

Bai gane maganar ba, ita ma ba ta yi masa bayani ba. Ya juya ya tafi, daga ranar bai sake tayar da zancen ba, bai kuma mayar da ita gefen taga ba.

Kiran ya zo ne wata safiya tana tsakiyar aiki. Muryar dattijo ce, daga nesa, iska tana kaɗawa a bayanta. Ya ce shi bakanike ne a bakin wata babbar hanya. Wani direba da yake jiran gyara ne yake ta latse-latsen waya, ya nuna masa shafin, suna ta bin fuskoki don kashe lokaci, har suka iso kan ta farko.

"'Yata, fuska tana iya ruɗin mutum," in ji shi. "Yatsan ne ya sa na kira."

Ya ce shekarun baya wani mutum ya sauka daga mota a gaban garejinsa jikinsa zafi zau, ya roƙi inuwa. An sace masa jaka a hanya, babu waya, babu takarda. Suka kai shi asibiti, zazzaɓin ya riga ya hau kai, sunan garinsu ma bai iya faɗa daidai ba. Bai tashi ba. Suka yi masa sutura kamar nasu, suka binne shi cikin nasu. Abu ɗaya aka samu a aljihunsa, kuma yana nan a rataye a garejin, don ya kasa yar da shi: mukulli a jikin wani ɗan katako mai siffar taya.

Kar-a-taɓa ta ce na gode, ta sake cewa na gode, ta ajiye wayar. Janareta yana ta ruri. Ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ta shekara da shekaru tana hana kanta, kukan baƙin ciki, da wani abu mai kama da sauke kaya wanda ta ji kunyar jinsa. Ita da maigidanta suka yi tafiyar, suka ga kabarin, suka yi wa dattijon godiyar da baki ba ya iya gamawa, suka dawo da katakon. Inna ta karɓa, ta jujjuya shi, ta bi sassaƙar da yatsa. Hannun mijinta ne, ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba.

Mutane suka zo gaisuwa suka watse. Auta ta koma aiki, ta buɗe shafin, ta dubi maɓallin da ita ta ƙirƙira, ta kasa. Ta rufe. Washegari ma haka. Sai wata safiya, shayi yana kan wuta, Inna ta ce, "Auta, hoton yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"To ɗauko mini mayafina. Ba na'ura ce ta haifa mini shi ba."

Hawan benen ya ba Inna wuya. Tana hawa tana hutawa, hannu ɗaya a kafaɗar Auta, ɗayan riƙe da katakon, mai gadi yana biye kamar zai tare ta in ta zame. Yanzu-yanzu ya kawo kujera mai laushi ƙarshen baranda, ya je ya kashe janareta ba tare da ya tambayi kowa ba, aka bar kwamfutar a kan batir. Manaja ma ya fito, ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya da ladabi.

Auta ta buɗe shafin, ta nuna mata inda za ta taɓa. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta. Ta shafa fuskar da babban yatsa kamar kullum, sannan ta danna.

"Me ta ce?" ta tambaya, ganin wani rubutu ya fito.

"Tana tambaya ko kin tabbata."

"Na tabbata." Ta sake dannawa.

Yaya ya tafi. Fuskar da take bayansa ta matso ta hau gurbinsa, wata yarinya ce da rigar makaranta, tana murmushi da giɓi a haƙoranta. Manaja ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe, don shi a ganinsa alheri zai yi, rigima ta zo ƙarshe.

"Allah ya jiƙansa, Inna. Malama, tunda yanzu an samu naku, ina ganin sauran sai a bar manhaja ta..."

Kar-a-taɓa ta buɗe baki, amma Inna ta riga ta. Ba ta ko dube shi ba, yarinyar take kallo.

"Wannan fa, an same ta?"

"A'a, Inna," in ji Auta.

Sai a sannan tsohuwar ta juyo. "Kai ɗan nan, uwarta ta hawo benen nan ta ce maka ta gaji?"

Manaja ya ce a'a.

"To a bar mata 'yarta inda take."

Ta miƙa hannu Auta ta tashe ta, suka sauka a hankali kamar yadda suka hau. Teburin Kar-a-taɓa yana ƙarshen baranda har yanzu, fayil ɗinta yana inda ta ajiye shi, kowa ya san sunansa, kowa ya san inda ake dannawa a goge shi. Washegarin ranar da Inna ta hau benen, tun shayi bai sauka daga wuta ba, Inna ta kira daga ɗaki.

"Auta, yarinyar nan mai giɓi, hoton yana nan?"

Auta ta goge hannu a zani, ta buɗe waya ta kai mata.